Kirarin da Ya Fitar da Mutari daga Makaranta

"To hana ni. Ga ni, ga kazar, ga ƙofa. Hana ni in gani."

"Alhaji, ba ni na hana ba, doka ce. Ka kai wa komite su raba wa yaran duka."

"Kaza guda za a raba wa gari? Mutari aka soya wa."

"To sai dai ka koma da ita gida."

"Mushe, tun ba a ɗinka maka wando ba nake kallon kokowa. Yau kai za ka koya mini yadda ake riƙe ɗan wasa?"

"Ba a riƙe shi, Alhaji. Ɗalibi ne."

An yi wani mutum a unguwar Zango, ya 'yan uwa, shi ne wannan mai tsaye da kwanon kaza a ƙofar makaranta da rana tsaka. Ba zan kama sunansa ba. Cin naman ɗan uwa haramun ne, ni kuma haƙoran ma sun ƙare. Iyakar abin da zan ce, gajere ne, tumbinsa yana riga shi shiga masallaci, yana da baburan kabu-kabu da samari ke tuƙa masa, matarsa kuwa Aliya, doguwar nan mai sai da ƙanƙara. Wanda ya gane, da kansa ya gane, ba a bakina ya ji ba.

Wanda yake wa faɗan Mushe Mahamud ne, wato Malam Mahamud a bakin 'yan boko, malamin wasanni na wata babbar makaranta a nan Damagaram, irin wadda yaro ke shiga bayan ya gama lise, wato babbar sakandare. Makarantar tana da 'yan kokowa cikin ɗalibanta. Da safe suna aji, da la'asar su ɗaura walki. Shekara-shekara akan kwashe su a mota a kai su Yamai, su kara da 'yan sauran makarantun ƙasa.

Mutanen gari na son yaran nan. In suna gwaji, 'yan kallo har kan katanga. Shi ya sa aka kafa wa masu goyon baya doka, kuma ba a ɓoye ta ba, a farkon shekara ake tara su a faɗa musu da Hausa. Ka yi tafi, ka yi ihu, ka yi addu'a, ba mai hana ka. Amma ba ka ba ɗan wasa komai hannu da hannu. Ba ka kai masa abinci. Ba ka ɗauke shi ka kai shi wani wuri. In kana da alheri ka miƙa wa komite, wato kwamitin makaranta, a raba har da wanda kullum shi ake kayarwa. Shi kuma ɗalibi, muddin yana riƙe da katin wasa na makaranta, ba ya shiga kokowar ƙauye ko ta kasuwa inda ake sa kyauta. Ya shiga, an karɓe katin. An karɓe katin, bursu ya tafi.

Bursu, ga wadda ba ta sani ba, shi ne ɗaukar nauyin da ake wa ɗalibi: ci, da gadon kwana, da kuɗin karatu.

Da shi Mutari ke zaune a birnin nan. Ɗan Garagumsa ne, ubansa ya daɗe da rasuwa, uwarsa Husaina ce ke noma 'yar gonar gyaɗarsu. Aikin malamin gona yake karanta, saura masa shekara guda. Yaro ne mai faɗin kafaɗa, mai ƙaramar murya. In ya gaishe ka sai ka sa kunne. Amma in ya sunkuya ya kama cinyar mutum, to a share masa wurin faɗuwa.

Abin da Husaina ta sa wa ido ke nan. Ba kokowa ba, takardar gamawa.

Shi kuwa mutumin nan, ko da wasa bai taɓa kokowa ba. Tsofaffin Zango sun ce sau ɗaya bayansa ya taɓa ƙasa, yayarsa ce ta kayar da shi a bakin rijiya kan rigimar guga. Allah ya ji ƙanta, mace ce mai ƙashi.

To me yake nema a fili?

Kun san al'adar kokowar ƙauye. In ɗan wasa ya yi kaye, maroƙi yakan kira sunansa, sannan ya ja numfashi ya ce na wane. Wannan wanen shi ne ubangida. Shi ke ci da ɗan wasa, shi ke shayar da shi, ranar kaye kuma ya shiga fili ya tuɓe rigarsa ya yafa masa, kowa ya ga mai shi. Wannan ita ce yunwar mutumin nan. Yana da babura, yana da gida, ya je Makka, amma ba a taɓa kiran sunansa a bayan sunan ƙato ba.

A kokowar makaranta kuwa ba na wane. Lasifika takan faɗi sunan yaro da sunan makarantarsa, shi ke nan. Mutumin nan yakan zauna a sahun gaba, ya yi ihu har muryarsa ta dishe, a tashi, ya koma gida kamar kowa. Abin ya tsaya masa a maƙogwaro.

Ranar kazar nan ya koma da kwanonsa. Aliya da yara suka cinye. Amma bai haƙura ba, hanya ya sake.

Ya fara da abin da ba a iya kamawa. Ya ce wa samarin kabu-kabunsa duk inda suka ga Mutari a ƙafa su ɗauke shi, kada su karɓi komai. Wa zai ƙi hawa babur a zafin Damagaram? Daga nan sai tsire a takarda ta bayan katanga. Daga tsire sai takalmi. Daga takalmi sai salula sabuwa, wai don ya riƙa jin muryar uwarsa.

Kada ku ce yaron mahaukaci ne, ko makwaɗaici. Ya san doka. Amma ɗan ƙauye ne mai tarbiyya, an koya masa ba a mai da hannun babba. Dattijo sa'an ubanka ya miƙo maka abu, ya ce ɗana karɓi, da wane baki za ka ce a'a? Ya karɓi na fari don kunya. Ya karɓi na biyu don ya karɓi na fari. Ga shi tuwon makaranta ba ya kai mai irin jikinsa ko'ina.

Mushe Mahamud ya ga takalmin. Ya kira yaron gefe ya ce masa, "Mutari, duk abin da ya shigo ta bayan katanga, da igiya a jikinsa. Kai ba ka ganinta, mai ja yana gani." Yaron ya ce to. Ya ɓoye takalmin, ya koma sa tsohon silifas ɗinsa. Amma bai mayar ba. Ta yaya zai mayar?

Aliya ma ta yi magana, ta katanga maƙwabta suka ji.

"Alhaji, ɗan mutane fa. Uwarsa karatu ta aiko shi."

"Alheri nake yi. Yanzu alheri ma laifi ne?"

"In alheri ne, ga ɗan maƙwabciyarmu Maryama nan gurgu a ƙofar gidanka, ko tsinken tsire bai taɓa gani ba."

Ya ce mata ba ta san harkar maza ba. Ta koma kan ƙanƙararta.

Aka yi kaka, aka ɗaure gero, ƙauyuka suka fara kiɗan kokowa. Tafiyar Yamai ta matso. Mutari ne makarantar ta sa wa rai.

Mutumin nan yana da majalisa a bakin kasuwa, inda suke shan shayi suna gyara duniya. Cikinsu akwai wani dillalin hatsi ɗan Guna, can wajen Mirriya, mai bakin reza. Shi yana da ɗan kokowarsa na gaske, ƙato, wanda yake ci da shi. Rannan mutumin nan yana cika baki, yarona kaza, yarona kaza, sai dillalin ya kurɓi shayi ya ce:

"Wane yaronka? Na gwamnati dai. Kai ko kaza an hana ka ba shi."

Majalisa ta yi dariya.

"In naka ne, ranar kasuwarmu akwai kokowa. Kawo shi. Wanda ba ka iya aike, ai ba naka ba ne."

Magana ce ta shan shayi. Da ya yi dariya da su, da ta wuce da tururin buta. Amma ya rantse a gaban mutane. Ya 'yan uwa, sau nawa rantsuwar majalisa take rushe gidan wanda ba ya wurin?

Ya sa aka kawo masa Mutari a shago. Yaron ya ji bayani, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. In aka ji, karatuna ya tafi."

"Wa zai ji? Ba da sunanka za ka shiga ba. Ɗan Baƙo za a ce. Kaye ɗaya, mu dawo kafin magariba."

"Baba, Mushe ya ce..."

"Mushe ne ya sai maka takalmi?"

Yaron ya dubi tsohon silifas ɗin da ke ƙafarsa.

"Ashe haka kake. Ni ina ce maka ɗana, kai kana ɗaukata sakarai. Ba komai. Je ka, Allah ya ba da sa'ar karatu."

Igiyar ke nan, an ja. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mutari ya ce zai je.

Suka tafi ranar kasuwa, suka isa da la'asar. Fili ya cika, makaɗa na aiki, mata na kan amalanke suna leƙe. Aka kira Ɗan Baƙo. Ya fito da aron walki, ba laya ba guru, mutane suna tambayar juna wannan daga ina. Ƙaton dillali ya fito yana taku, yana watsa ƙasa. Suka sunkuya. Waɗanda suka juya sayen ruwa ba su ga komai ba. Kafin su waiwayo ƙato yana kallon sama.

Fili ya ɗauka. Maroƙi ya shiga yana kiran Ɗan Baƙo, Ɗan Baƙo. Mutari ya juya zai fita, ya nufi inda aka ajiye babur. Da an bar shi ya kai wurin babur ɗin nan, da yau wani labarin nake ba ku. Ba wanda ya san shi a Guna. Asiri ya rufu, rantsuwa ta cika.

Sai dillalin ya karkato ya ce wa mutumin nan a kunne, "Hayarsa ka yi daga Maraɗi. Wannan ba ɗan makaranta ba ne."

Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba.

Mutumin nan ya miƙe. Ya keta mutane, ya shiga tsakiyar fili da tumbinsa, ya kamo hannun yaron ya dawo da shi. Ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa masa. Ya yafito maroƙi, ya cika masa hannu, ya ce faɗi gaskiya kowa ya ji. Maroƙi kuwa aikinsa ke nan. Ya buɗe murya ya kira Mutari ɗan Husaina na Garagumsa, ya kira sunan makaranta, ya ja numfashi, ya ce na Alhaji wane na Zango. Ya maimaita. Aka ƙara masa, ya sake maimaitawa.

Samari suka ɗaga salula.

Ni ma na ga hoton, a salular jikata. Mutumin nan yana rawa, hannu sama, hularsa ta karkace. Yaron yana tsaye cikin rigar da ba ta kai masa gwiwa ba, yana kallon ƙasa. Bai yi kuka ba, bai yi dariya ba. Tsaye kawai yake, kamar wanda ake auna wa ɗinki.

Hoton ya riga su isowa Damagaram.

Komite ya zauna. Ba a yi hayaniya ba. Aka tambayi Mutari, ya ce shi ne. Aka tambaye shi takalmi da salula, ya ce haka ne. Mushe Mahamud ya roƙa masa, ya ce yaro ne, an fi ƙarfinsa. Aka ce da a ɓoye abin ya tsaya, da an duba, amma yanzu har 'yan Yamai sun gani, sunan makaranta a bakin maroƙi. Aka karɓe katin. Bursu ya tafi. Saboda kyaututtukan da suka daɗe suna shiga ba a kama ba, aka cire makarantar gaba ɗaya daga wasannin wannan shekara. Sauran yaran, da ba su ci ko tsinke ba, suka kwance kayan da suka ɗaure.

Mutumin nan kuma aka hana shi shiga filin makaranta.

An ce wa Mutari yana iya ci gaba da karatu in zai ɗauki nauyin kansa. Da me? Da gonar gyaɗa? Ya naɗe tabarmarsa ya fito. Bai iya komawa Garagumsa ba, don bai san da wane ido zai kalli uwarsa ba. Ƙofa ɗaya ya sani a birnin nan.

A nan Allah ya ba mutumin dama ta ƙarshe. Babur ɗaya zai sayar, yaron ya gama shekararsa. Aliya ta faɗa masa haka, har ta ce za ta ƙara da nata.

Ya ce, "Makaranta me? Su suka yi asara. Yanzu ma ya samu ubangida na gaske."

Kun ji. Bai ga ɓarna ba. Shi a wurinsa kaya ne ya tsinke a gindin kaba, yaro ya zama nasa shi kaɗai, ba mushe, ba komite.

Ya ba shi zaure ya kwana. Ya shiga yawo da shi kasuwa-kasuwa duk rani. Yau gabas, jibi kudu. A makaranta akan auna yara, a haɗa kowa da daidai shi, a ba su hutu, in an ji ciwo a duba. A nan wa zai auna? Duk wanda aka fito da shi, Mutari ya kama. Gwiwa ta kumbura, a shafa man zafi a shiga. Mutumin ya ɗauki makaɗa nasa, da maroƙi nasa, da motar da za ta kwashe su. Kiɗa kuwa ba ya cin alkawari. Aka sai da babur, aka sake sai da wani. Samarin da ke tuƙa masa suka watse, kowa ya nemi wani ubangidan. Bai damu ba. Duk la'asar yana jin na Alhaji wane, yana kwana da daɗinta.

Yaron yana kayarwa, amma ya bar magana. Waɗanda suka gan shi lokacin sun ce in an kira sunansa sai an taɓa shi yake juyowa. Littattafansa suna cikin buhu a kusurwar zaure, gara ta fara su.

Husaina ta zo sau ɗaya. Ta zauna a tsakar gida wurin Aliya, aka ba ta ruwa ta sha. Aka ce ɗanta suna kan hanya, sun tafi wasa. Ta jira, rana ta yi sanyi, motar garinsu za ta tashi. Ta ce a gaishe shi. Ta tafi.

Gab da damina, a wata kasuwa, aka haɗa shi da wani wanda ya kusa ninka shi. Gwiwar nan ta ƙi ɗaukarsa. Suka tafi ƙasa tare, ƙaton a sama. Waɗanda ke kusa sun ji ƙarar. Ƙashin ƙugu ne.

Yana kwance ana neman abin ɗaukarsa, maroƙin da mutumin nan ya ciyar duk rani ya riga ya koma ɗaya gefen, yana kiran na wani.

Haka abin ya ƙare. Ba tsawa, ba gobara. An kai yaro likita, an yi abin da za a yi, aka ce zai taka amma ƙafa ɗaya ta gajarce, ba kokowa, ba noman kirki. Mutumin ya dawo Zango da babur guda, shi ma sai an tura. Majalisa ta matsa gaba da benci, in ya zo sai hira ta mutu. Ɗaliban makaranta in sun hango shi sukan tsallaka titi. Ba mai zaginsa. Gaisuwa ce kawai ta ƙare. Yakan zauna a ƙofar gida da rediyo a kunne, tumbin ya saɓe, rigunan sun yi masa yawa. Da ƙanƙarar Aliya ake cin tuwo a gidan.

To, ya 'yan uwa, me ya ci mutumin nan?

Bai sha giya ba. Bai yi sata ba. Ba ya barin sahu. In kuka tambaye shi yau, zai ce muku kyauta ya yi. Kuma gaskiya ne, hannunsa a buɗe yake. Amma malamai sun gaya mana aiki da niyya yake, sun kuma ce riya, wato yi don a gani, tana shiga zuciya a hankali fiye da tafiyar tururuwa. Mutumin nan bai taɓa ba Mutari komai ba. Kansa yake saya wa kirari, yaron ne kasuwar.

Ita kuma dokar da ya raina, ya ce ta 'yan boko ce, me ta ce? Ta ce kada a so yara? A'a. Cewa ta yi ka so su daga inda kake zaune. Waɗanda suka kafa ta sun san abin da kakanninmu suka sani, cewa yaro mai kunya ba ya iya ce wa babba a'a, don haka sai a ce masa a'a ɗin tun daga ƙofa. Shinge ne. Ba don a wulaƙanta akuya ake shinge ba, don shuka ta kai kaka ne. Wanda ya tsallaka shinge da sunan ƙauna, a duba bakinsa, za a ga ganye.

Kuma alkawari ne. An tara su an faɗa, ya ce ya ji. Musulmi in ya ce ya ji, ya ɗauka ke nan.

Kada mata ku ce wannan na maza ne, ku gyara zama. Akwai wata a layinmu, ba zan ce wacece ba, mai haƙorin Makka, da ta sai wa 'yar maƙwabta zane, ta bi ta har gidan suna tana ce wa mutane ku taɓa ku ji, ni na saya. Yarinyar ba ta sake ɗaura shi ba. Ciwon ɗaya ne, filin ne ya bambanta. In za ki ba da, ba da ki manta. In ba ki iya mantawa, riƙe abinki, ya fi wa kowa sauƙi.

Ɗan wani amana ne a hannun gari. Uwarsa ta aiko shi da buri guda. Wanda ya karkatar da shi don a kira sunansa, ranar da za a kira sunaye na gaskiya me zai ce?

Kuna jira in ce ya tuba. Ni ma na so haka.

Kwanan baya an kawo Mutari wurin wani mai ɗori a nan Zango, ko za a dace ƙafar ta saki. Suka sauka a ɗaki mai ƙofar kwano na Rabi, 'yar uwar Husaina da ba ta daɗe da tarewa a unguwar ba. Na je dubiya, don dubiya lada ce, kuma kunnena bai mutu ba. Ina zaune sai ga Aliya ta shigo, mijin yana bayanta. Ita ta tasa shi gaba, ta ce yau sai ya nemi gafara ko ta bar masa gidansa.

Ya tsuguna a bakin tabarma. Ya gaida Husaina, ta amsa tana kallon bango. Ya juya wurin yaron.

"Mutari, ka yafe mini."

"Na yafe, Baba."

Haka ya faɗa, kamar mai amsa sallamar wanda bai sani ba. Husaina ba ta ɗauke ido daga bango ba. Rabi ta fara murna, tana cewa madalla, haka ake so, shaiɗan ya ji kunya. Har Aliya ta sauke ajiyar zuciya.

Sai Mutari ya ce yana son ya kewaya. Ƙanensa Tahiru, wanda ya rako su daga Garagumsa, yana zaune a bakin ƙofa. Saurayi ne, ya fi yayan tsawo. Ya taso, ya sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin cinya, ya ɗaga shi cak kamar damin kara, ya fita da shi bai ko yi nishi ba.

Mutumin nan ya bi su da ido. Na ga fuskarsa. Wani haske ya dawo mata wanda ba ta da shi da ya shigo. Ya gyara tsugunno, ya matsa kusa da Husaina, ya rage murya.

"Hajiya, wannan ƙaramin fa? Yana taɓa kokowar kuwa?"

Rabi ta bar baki buɗe. Husaina ta juyo ta dube shi, karo na fari tun shigowarsa, ta daɗe tana dubansa, sannan ta mai da ido bango.

Ni dai a zuciyata na ce, Allah ka kiyaye mu da yunwar a kira sunanmu, ka tsare 'ya'yanmu daga masoyan da ba su san iyaka ba, kada ka bar mu da zuciyar da asara ba ta koya wa komai.

Ban kai ga amin ba Aliya ta miƙe. Ta yafa gyalenta, ta tsallake ƙafafun mijin, ta fita, ta bugo ƙofar kwanon nan har ƙasa ta zubo daga rufi.